Rediyo mai memori yana tsallake karatu? Bi sawun matsalar kafin ka kai shi gyara

Da wuya ka ratsa layi guda a babbar kasuwar Maraɗi ba ka ji ƙarar ƙaramin rediyo mai memori ba. Yana kan teburin mai shayi, yana rataye da ƙusa a rumfar tela, ko yana aljihun ɗan kabu-kabu, igiyar iyafis ta zagayo masa wuya. Wani karatun Alƙur'ani ya cika da shi, wani tafsirin azumin bara, wani waƙoƙin biki. Kuma koke ɗaya ake ji a bakin kowa: ana tsakiyar sura sai ya faɗa wata, ko ya yi ta maimaita waƙa biyar alhali akwai ɗari uku a ciki, ko ya yi shiru ya koma farko. Sai a ce ya tsufa, a jefa shi cikin kwali, a sayi wani, a cusa masa tsohon katin nan, kwana biyu matsalar ta dawo.

Abin da mutane ke kira "haka kawai yake yi" yana da sawu. Kafin ka kwance ko kusa ɗaya, zauna da na'urar rabin awa ka lura. Shin a fayil ɗaya take tuntuɓe kullum, ko yau nan gobe can? Shin sai an ƙure murya? Shin sai an taɓa ta, ko babur ya faɗa rami? Shin sababbin abubuwan da aka tura ne ke ƙin fita, tsofaffin suna lafiya? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce rabin gyaran. Kuma ka canza abu ɗaya a kowane gwaji. Wanda ya canza kati da batir da iyafis lokaci guda, ko matsalar ta tafi bai san me ya kore ta ba.

Fara da maɓallin da kowa ke mantawa

Kusan duk waɗannan na'urori suna da tsarin kunnawa huɗu ko biyar, maɓalli ɗaya ke juya su, wani lokacin sai an danne shi na daƙiƙa biyu. A ɗan allon za ka ga ALL, wato ya bi duka ya dawo. ONE ko lamba 1, wato ya yi ta maimaita guda ɗaya. FOLD ko F, wato ya tsaya cikin folda ɗaya. Sai RAN ko RND, ko alamar kibiyoyi biyu da suka gitta juna, wato ya gauraya. Waɗansu suna da INTRO, wanda ke kunna kamar daƙiƙa goma na kowace waƙa ya wuce. Akwai kuma A-B, mai kewaya ɗan yanki guda har sai ka sake dannawa, wanda ɗalibai masu hadda ke amfani da shi. Yaro ya ɗauki rediyo ya yi wasa da shi, ko aljihu ya matse maɓallin, shi ke nan an shiga RAN. Na'urori da yawa suna riƙe tsarin ko an kashe su, don haka kashewa da kunnawa ba ya fid da kai. Mayar da shi ALL, ka saurara.

Idan kuwa gaurayawar kake so amma kana ganin ba ta yi, a nan akwai abu biyu daban.

Na farko lissafi ne, ba lalacewa ba. Rediyo mai araha yakan zaɓi lamba ne kowane lokaci ba tare da tuna abin da ya riga ya kunna ba, kamar mai ɗebo wuri daga ƙwarya yana mayarwa. Idan waƙoƙi 100 ne a kati, da zarar an kunna 13, yiwuwar an maimaita wata ta wuce rabi. Kunne kuwa ba ya yarda da wannan, gani yake an yi masa wayo. Har manyan kamfanoni sun sha wannan ƙorafi: a 2005 Apple ya ƙara wa manhajarsa ta sauraren waƙa, iTunes, wata hanya ta raba waƙoƙin mawaƙi ɗaya don kada su jeru, Spotify ma ya sake tsarin gaurayawarsa a 2014 saboda dalili irin wannan. Na'ura mai kyau tana jera duka waƙoƙin ne sau ɗaya kamar yadda ake gauraya karta, sannan ta bi jerin har ƙarshe. Ƙaramin rediyo ba ya da ƙwaƙwalwar da zai riƙe dogon jeri haka.

Na biyu shi ne wanda kullum aka kunna sai ya bi tafarki ɗaya: waƙa ta 7, ta 42, ta 19, gobe ma haka. Dalili shi ne lambobin da yake fitarwa daga wata dabara ta lissafi suke, wadda ke buƙatar lambar farawa. Na'urar da ba ta da agogo a ciki takan fara da lamba ɗaya duk sanda aka ba ta wuta. Wannan ba mai gyara da zai cire maka shi da ƙarfen narka dalma. Abin da ke taimakawa: ka danna gaba sau da yawa kafin ka shiga RAN, ko ka ƙara ko ka rage fayil ɗaya a katin, domin adadin ya canza, jerin ma ya canza. Ko ka raba waƙoƙin folda-folda ka riƙa sauyawa.

Jerin surori da ya hargitse

Wannan ya fi damuna a kan duk sauran, domin waƙa in ta zo ba a kan layi ba babu asara, amma mai bin karatu daga Fatiha zuwa Nasi, ko mai bin tafsiri dare bayan dare, shi jeri yake nema. Sai ka ga rediyo yana ALL, ba RAN ba, amma bayan Baƙara sai Yasin.

Mutane suna ɗauka rediyo yana bin sunan fayil. Yawancin masu araha ba sa bi. Suna bin yadda aka rubuta fayilolin ne a rajistar katin, wato wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Kwamfuta da waya su suke jera maka suna bisa harafi a allo, sai ka ga komai tsaf, amma a cikin rajistar jerin daban yake. Idan mai tura karatu ya zaɓi fayil 114 a Windows ya ja su da linzami, wanda ya kama ya ja shi ne yakan fara shiga. Idan an tura ta Xender ko Bluetooth, yadda suka iso haka za su zauna. Idan kuma ka goge fayil a tsakiya ka tura sabo, sabon zai iya faɗawa gurbin wanda aka goge, ya fito a tsakiyar jeri.

Gyaran ba wuya. Kwashe komai zuwa kwamfuta. Sa wa kowane fayil lamba a gaba, mai gurbi daidai: 001, 002, har 114. Sifilin nan dole ne, domin in ka rubuta 1, 2, 10, 11, inji zai sa 10 da 11 kafin 2. Ga tafsirin kwana talatin, 01 zuwa 30 ya isa. Sannan ka goge katin gaba ɗaya, ka kwafe foldar dungurungum, ba ka buɗe ta ka ja na ciki ba, domin kwamfuta ta shigar da fayilolin bisa jerin lambobin. In kana da folda da yawa, tura su ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da kake so, ka jira kowace ta gama. Ga masu shagon tura waƙa da ke yin wannan aiki kullum, akwai manhajar FATSort da ke sake jera rajistar katin ba tare da an goge komai ba. Ya kamata a ce kowane mai shago ya san wannan, domin dattijon da ya taso daga Tibiri ko Madarunfa ya biya kuɗinsa don a sa masa karatu, bai kamata ya koma gida ya tarar da surori a warwatse ba.

Kati

A ganina, cikin kowace matsala da aka ɗora wa rediyo, kati ne ya fi yawan laifi, kuma shi ne mutane suka fi amincewa da shi saboda abin da aka rubuta a jikinsa.

Katin memori iri uku ne ke yawo. Tsohon, har zuwa 2GB. Sai SDHC, daga 4GB zuwa 32GB, wanda ke zuwa da tsarin ajiye fayil da ake kira FAT32. Sai SDXC, daga 64GB zuwa sama, mai tsarin exFAT. Ƙananan rediyo yawanci FAT32 kawai suka iya karantawa. Ka sa musu na 64GB, ko su ce NO CARD, ko su yi ta lodi ba su gama ba. Ana iya mayar da babban kati FAT32 da wata manhaja, amma ban ga dalilin wahalar ba. Fayil mai 128 kbps, wato ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa, yana cin kusan 1MB a minti ɗaya, awa guda bai kai 60MB ba. Katin 8GB na gaskiya yana ɗaukar fiye da awa 130. Wa zai saurari wannan ya ce bai ishe shi ba? Ƙari a kan haka, yawan fayil yana nauyaya wa na'urar, kuma kowace tana da iyakar adadin da take iya ƙirgawa. Abin da ya wuce iyakar ba za ta gan shi ba ko da yana nan.

Sai katin jabu. An ɗauki mai ɗan ƙaramin ciki, an yaudari ƙwaƙwalwarsa ya riƙa cewa shi 32GB ne ko 64GB. Waya za ta nuna maka girman ƙaryar, kwamfuta ma haka. Muddin abin da ka zuba bai kai cikinsa na gaskiya ba, lafiya lau yake aiki, shi ya sa ake wata biyu ba a gane ba. Ranar da ka wuce iyakar, sunayen fayiloli za su ci gaba da bayyana amma cikinsu fanko, ko kuma sababbi su hau kan tsofaffi su lalata su. Alamarsa a kunne: waƙa ta fara ta yi ƙara kamar ana yaga takarda ta tsallake, ko ka ji guntun wata waƙa a cikin wata, ko sunayen folda su koma wasu alamomi marasa ma'ana. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne manhajar H2testw a Windows: tana cika katin da bayanai ta sake karanta su, ta faɗa maka nawa ne ya dawo daidai. Yana ɗaukar lokaci, a ba shi. In babu kwamfuta, cika katin da manyan bidiyo har ya ce ya cika, cire shi, mayar, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kana jan kowane zuwa ƙarshensa. Amma kada ka tsorata in katin 8GB ya nuna kusan 7.4, ko na 32GB ya nuna 29 da ɗoriya. Wannan bambancin ƙirga ne, kowane kati na gaskiya haka yake nunawa. Katin jabu ba ya gyaruwa da gogewa.

Akwai kuma katin da ake yawo da shi tsakanin salula da rediyo. Rediyo ba ya tambaya, duk abin da ya iya karantawa zai kunna: ƙararrawar kira, muryar da wayar ta naɗa, sautin wani wasa. Ga dalilin da ya sa ana cikin wa'azi sai a ji ƙararrawa. Idan kuma wayar Android ce aka ce mata ta mayar da katin ma'ajiyar cikinta, abin da ya fara tun Android 6, to ta kulle shi da mabuɗi, babu na'urar da za ta karanta shi sai an goge shi sarai. Ware wa rediyo katinsa shi kaɗai.

Kada a fizge kati ana cikin tura abu, kuma a kwamfuta a bi hanyar cirewa. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafa, fayil ɗin da ke kan hanya ya tafi, wani lokacin har rajistar. Idan ka sa kati a kwamfutar shago ya dawo foldoji sun ɓace ko sun koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya, ƙwayar cuta ce ta ɓoye su. Fayilolin suna nan. A bayyana su, a kwashe, a goge katin.

Idan fayil ɗaya ne kullum

To, laifin fayil ɗin ne. Ba duk abin da ke ƙarewa da mp3 ne MP3 ba. Saƙon murya na WhatsApp Opus ne. Abin da ake saukewa daga YouTube sau da yawa M4A ne ko WebM. Wani sai ya canza wutsiyar sunan zuwa mp3, waya ta kunna shi domin ita cikin fayil take dubawa, rediyo kuwa ya buɗe ya ga ba abin da ya sani ba, ya wuce. Canza suna bai canza komai ba, sai an juya shi da manhaja irin Audacity ko ffmpeg. Abin da kowace na'ura ke karɓa ba gardama shi ne MP3 mai gudu tsayayye, wato CBR, a 128 kbps da 44.1 kHz. Ga magana zalla kamar wa'azi, 64 kbps ya wadatar. Fayil mai gudu mai hawa da sauka, VBR, shi ne ke sa rediyo ya nuna tsawon lokaci na ƙarya, ko ka matsa gaba kaɗan ya cilla ka ƙarshe.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne hoton da ke manne cikin fayil. Shafukan saukar da waƙa suna cusa babban hoto da tallarsu a kan kowane fayil. Ƙaramar na'ura sai ta tsaya tana fama da hoton, ta yi shiru na daƙiƙu, ko ta daskare. Manhajar Mp3tag tana cire hotuna daga fayil ɗari a dannawa ɗaya. Sunan fayil ma a gajarta shi, a bar haruffa da lambobi kawai. Sunan da aka rubuta da Larabci ko aka cika shi da alamomi yana rikita waɗansu. In ka ga fayiloli masu farawa da ɗigo da ƙaramin layi, waɗanda ba su kai komai ba a girma, kwamfutar Apple ce ta bar su, a goge.

Batir da zafi

Ga alamar da ba ta ɓuya: da ƙaramar murya lafiya, da an ƙure, musamman inda ganga ta buga, sai rediyo ya ɗauke ya dawo farko. Lasifika tana jan wuta da yawa a wannan lokacin, batir da ya gaji ya kasa riƙewa, ƙarfin wutar ya faɗi na ƙiftawar ido, ƙwaƙwalwar na'urar ta farfaɗo kamar yanzu aka kunna ta. Yawancinsu batir BL-5C suke ci, irin na tsohuwar Nokia, ko dogon nan 18650. Duka 3.7V aka rubuta musu. Cikakke yana 4.2V, in ya gangaro wajen 3.3V ya kusa ƙarewa. Auna shi da mita a ma'aunin DC, amma ka auna yana cikin aiki da murya sama, domin mataccen batir ma yakan nuna 4V in ba a ɗora masa kaya ba. Idan allura ko lamba tana faɗuwa da kowane bugu, canza shi. Batir da ya kumbura kuwa a cire shi nan take, kada a huda, kada a jefa wuta.

Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40 a inuwa, yana kashe batir da wuri. Irin wannan batir bai kamata a yi cajinsa ba in zafinsa ya wuce digiri 45, kuma rediyon da aka bari kan kwanon rumfa ko kusa da faifan sola ya wuce haka nesa. A yi caji a inuwa, da caja mai 5V. Caja marar kyau tana sa ƙugi a lasifika har ta sa na'urar ta riƙa sake tashi. Cire ta ka gwada da batir kaɗai. Duba kuma ƙarafan nan uku da ke taɓa BL-5C. In sun kwanta, batir yana motsi, kowane rami a hanyar Ɗan Isa zai yanke wuta. Ɗaga su kaɗan da tsinke, ka sa 'yar takarda a bayan batir ta matse shi.

Ƙurar hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana shiga ko'ina. Katin yana da ƙananan layuka takwas masu ruwan zinariya. In sun dushe, goge su a hankali da abin goge fensir, sannan da tsumma mai tsabta. Ramin katin a busa shi da iskar roba ko a share da busasshen buroshin haƙori, bayan an cire batir. Kada a hura da baki, danshin numfashi da ƙura tare suke zama laka. Kada a sa fetur, man juye, ko allura. Abin da ya dace shi ne barasar goge kayan lantarki da masu gyaran waya ke amfani da ita, ɗigo ɗaya, a bari ya bushe.

Maɓallan ma suna da nasu. A yawancin waɗannan na'urori, duka maɓallan layin wuta ɗaya suke bi zuwa ƙwaƙwalwa, kowane da nasa ma'aunin turjiyar wuta, da shi take gane wanda aka danna. Datti ko gumi ya shiga, ma'aunin ya kauce: ka danna ƙarin murya ta tsallake waƙa, ko ta danna kanta ba wanda ya taɓa. Da damina abin ya fi yawa. Ɗigon barasar nan a kan maɓallin, a danna shi sau ashirin ko talatin, yakan warware. In bai yi ba, mai gyara zai canza ɗan maɓallin, ƙafa huɗu ne ko biyu, aikin minti kaɗan. In rediyon yana da rimot, tabbatar ba ya ƙarƙashin wani abu da ke danne shi.

Ga mai saurare a waya, iyafis ne abin zargi na farko. Kan iyafis mai makirufo yana da zobe uku, kashi huɗu, kuma ta layin makirufo ne wayar ke jin maɓallin tsayarwa. Igiya ta karye daga ciki kusa da kai, ko auduga ta taru a ramin, layin ya taɓa na ƙasa, wayar ta ɗauka an danna: sau ɗaya ta tsaya, sau biyu ta wuce gaba. Kunna waƙa, ka murɗa igiyar a hankali daga kai zuwa kunne. Inda ta yi tsalle, nan ne karayar. Gwada iyafis marar makirufo, mai zobe biyu. In tsallen ya daina, an gama. Bluetooth kuwa tazararsa kamar mita 10 ce a fili, bango da jikin mutum suna rage ta, kuma rediyon da ya taɓa haɗuwa da wayar maƙwabci zai iya komawa gare ta da kansa in ta matso.

Idan duk an bi waɗannan, sauran gwaji ɗaya. Nemi ƙaramin kati da ka tabbatar na gaskiya ne, ka goge shi a FAT32, ka sa masa fayil goma kacal masu 128 kbps, ba hoto, sunayensu 01 zuwa 10. Sa cikakken batir, mayar da tsari ALL, ajiye rediyon a inuwa kan tabarma, kada kowa ya taɓa. In ya bi goman nan sau biyu ba tuntuɓe, na'urarka lafiya take, koma kan tsohon katin. In ya yi tsalle a haka ma, latsa ɗan ramin RESET da tsinke in yana da shi, ka sake. Ya ƙara yi, to matsalar tana kan allon lantarkin da ke cikinsa: galibi dalmar ƙafafun ramin kati ce ta tsage saboda yawan sawa da cirewa, kuma mai gyara zai iya sake narka ta. Ka gaya masa duk abin da ka gwada, ka tafi masa da katin gwajin, domin ya fara daga inda ka tsaya.